Mil Ɗaya Daga Ƙofar Mai Jego

Unguwar Sintali, Jalingo,
Jihar Taraba.
Lahadi, farkon watan Afrilu.

Zuwa ga ƙanena Mahadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ka yi haƙuri da yadda wasiƙar nan za ta fara, domin ba ni kaɗai nake riƙe da biron ba. Hajiya tana tsaye a kaina tun kafin in gyara zama, tana cewa in rubuta, in tambaye ka ko kana samun abinci mai zafi, ko kana rufe kunnuwanka, ko kuma a ƙasar da aka ce rana tana yin abin da ta ga dama kana gane lokacin salla. Na ce mata ka haura talatin, kana da digiri biyu. Ta ce ita ba digirin ta haifa ba, in rubuta abin da aka ce in rubuta. To, na rubuta. Tana yi maka addu'a Allah ya tsare ka daga sanyi da naman daji da mugun abokin aiki, ya dawo mana da kai da yatsunka cikakku. Ni ma na ce amin, musamman a kan yatsun, tunda ka taɓa gaya mini abin da ƙanƙara take yi musu.

Mu nan duk lafiya, sai zafi. Ka san Jalingo kafin ruwan farko: kogin Mayo Gwoi ya koma yashi, mangwaro ya cika bakin hanya, kowa yana ɗaga kai sama yana cewa gobe za a yi. Gwiwar Hajiya ta yi sauƙi tun da ta samu abin yi. Yaya Auwal yana nan a shagonsa, ya ƙara ƙiba, yana cewa albarkar aure ce, ni kuwa ina ganin albarkar zama wuri ɗaya ce. Ni kuma ina fama da takardun jarrabawar ɗalibaina, waɗanda suke yi mini bayanin al'adun Hausawa kamar a rediyo suka ji labarinsu. Za ka ga na rubuta Sintali a sama maimakon unguwarmu Barade. Ba kuskure ba ne. Ni da Hajiya muna gidan Goggo Uwani, kuma dalilin zamanmu a nan shi ne dalilin wasiƙar.

Kafin komai, ka kwantar da hankalinka. Matarka Khairiyya lafiyarta ƙalau, ɗanka yana numfashi yana tsotso. Wayarta ba lalacewa ta yi ba, ba kuma sace ta aka yi ba. A kashe take, da hannun mai ita. Na ga kiranka tun jiya, ban ɗauka ba da gangan, saboda a waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana. Ana cewa yaro ka ce me ya same shi. Takarda kuwa ba a katse ta. Zan ɗauki hotonta in tura maka, ka nemi wuri mai ɗumi ka karanta a zaune.

Ka tuna dogayen saƙonnin murya da ka riƙa turo mini tun da ka koma Alaska, waɗanda nake ce maka na saurara? A 'yan kwanakin nan na saurare su da gaske, kuma na yi mamakin abin da na daɗe ina tsallakewa. Ashe wannan farar beyar da kuke bi, ƙatuwar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, idan tana da ciki, da shigowar sanyi sai ta haƙa rami a tudun dusar ƙanƙara ta shige, iska ta rufe mata ƙofa. A cikin duhun nan take haihuwa, 'ya'yan ƙanana ƙwarai, idanu a rufe, ba su fi ɗan kyanwa ba. Ta yi watanni ba ta ci komai ba, tana shayar da su daga kitsen jikinta, tana ɗumama su da ƙirjinta. Daga sama ba a ganin komai sai fari, babbar mota tana iya bi ta kanta direban bai sani ba. Idan ƙara ta firgita ta, tana iya fitowa kafin lokaci, 'ya'yan kuwa ba su kai su jure sanyin waje ba. Aikinku shi ne ku nemo ramukan da kyamara mai ganin ɗumi daga jirgin sama, idan an gano ɗaya a hana aiki mil ɗaya ta kowane ɓangare har sai ta fito don kanta. Na kunna wa Hajiya wannan wurin. Ta ce wato gwamnati ce take gadin jegon dabba. Na ce haka ne. Ta ce to wa yake dama mata kunu?

Ni tambayoyina daban ne, kuma ina son amsa. Yaya take sanin lokacin fitowa ya yi, alhali ba ta ganin rana? Barci take yi duk watannin nan, ko idonta biyu tana sauraro? Idan tana sauraro, me take ɗauka ƙarar mota? Ka ajiye waɗannan, akwai wata babba a gaba.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba daga can. Ka san haihuwar ta zo kafin lokacinta, kafin Khairiyya ta tafi Lau wajen iyayenta kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ka san yaron ya yi kwanaki a kwalba, an raɗa masa suna yana can, sunan marigayi Babanmu, Alhaji Sirajuddeen, shi ya sa muke ce masa Abba. Da aka sallame su muka kawo su Barade, ɗakin da ke jikin na Hajiya, don ya fi kusa da asibiti. Likitar ta yi mana bayani a fili: bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka a ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, gwargwadon iko, ya sha nono duk lokacin da ya motsa baki, hannaye su yi kaɗan a kansa. Za a riƙa auna shi duk Alhamis. Idan nauyi ya ƙaru, madalla. Idan bai ƙaru ba, a koma kwalba. Duk muka ce to. Ka san yadda muke cewa to a gaban likita.

Washegari tun da hantsi aka fara sallama. Ban san Babanmu yana da jama'a haka ba sai da ya dawo duniya da nauyin da bai kai na kaza ba. Matan abokan kasuwancinsa, dangin Katsina da rabonmu da su tun rasuwar, 'yan Islamiyyar Hajiya aji guda, maƙwabta, maƙwabtan maƙwabta. Kowace da sabulunta ko turmin atamfa, kowace sai ta ga Alhaji, ta karɓe shi, ta tofa masa addu'a, ta yanke hukuncin hancin wa ya ɗauko. Wata ta ga an ɗaure shi a gaba ta riƙe baki, ta ce a garinsu biri kawai ta sani yana goyo a ciki. Hajiya kuwa tana zaune bakin gado tana ce musu su zo su ga angonta, ya yi ƙanƙanta amma zai yi. Duk sallama ɗaya, Khairiyya ta kwance zanen, ta ajiye yaron, ta ja hijabi, ta sunkuyar da kai ta amsa gaisuwa. A fita, ta fara ɗaurawa, a sake sallama. Na zauna ina kallo, kamar yadda na saba, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne babu wadda ta zo da mugun nufi, babu kuma wadda ta daɗe. Kowace tana cewa ai leƙawa kawai za ta yi. Kowace gani take ita kaɗai ce. Ina jin direbobin manyan motocinku ma haka suke.

Alhamis ta zo, sikeli bai motsa ba. Likitar ta dube mu ta saman tabarau, ta ce za ta ba mu mako guda. Muka hau keke da Khairiyya muka dawo gida. Da la'asar na shiga na same ta tana ninke kaya tana jerawa a jaka, a hankali, kamar yadda take yin komai. Ta ce mini ta kira Baffanta a Lau ya shirya mota. Ta ce ba za ta sake tsayawa a bayan gilashi tana kallon yaron da wayoyi a jikinsa ba, kuma a gidansu babu wanda ya san Alhaji balle ya zo ganinsa. Na tuna mata hanyar, da zafin nan, da nisan da za ta yi da likitar da ta san shi tun ranar farko. Ta ce, da ladabi ƙwarai, ta fi ni sanin hanyar Lau. Ka san matarka ba ta ɗaga murya, kuma ba ta sauya magana. Na roƙe ta ta ba ni ɗan lokaci kafin motar ta taso. Ta ce to, amma jakar ba ta koma cikin kwaba ba. Ta jingine ta a bakin ƙofa inda kowa zai gani.

A nan ne na ari dokarku. Na samu kwali na rubuta da manyan baƙaƙe cewa likita ta hana shiga, na liƙa a ƙofar ɗakin, na ɗauko kujera na zauna a gabanta da jan biro da takardun ɗalibai. Mahadi, ku da kuke aiki inda babu mutane ba za ku gane ba. A Barade, rufaffiyar ƙofa gayyata ce. Kafin magariba labari ya zaga cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Wasu suka ce da haƙora aka haife shi. Wasu suka ce yatsunsa shida. Wata daga Magami ta biya kuɗin keke musamman don ta ji an ce fari ne fat, irin dabbar da ubansa yake kiwo a ƙasar Turawa. Waɗanda suka riga suka zo barka suka dawo dubiya. Wata tsohuwa, ƙawar Hajiya, ta tsaya ta karanta kwalin har ƙarshe, ta yaba kyawun rubutuna, sannan ta ce ita ta yi mini wankan farko da waɗannan hannayen, ta ture gwiwata da sandarta ta wuce. Ka gaya mini, a dokarku akwai sashen da ya yi magana a kan wadda ta yi wa mai gadi wanka?

Na koma kan saƙonninka, ban san me nake nema ba. A ɗaya daga ciki ka ambata, a gurguje, kana tauna wani abu, cewa idan rami ya faɗo kusa da hanyar ƙanƙarar da motoci ke bi, ba ramin ake ɗagawa ba, hanyar ake rufewa ko a karkatar da ita. Na maimaita wurin. Sai na tambayi kaina me matan nan suke zuwa yi. Ganin jariri ɗan kaɗan ne daga ciki. Suna zuwa su sauke nauyi, a gan su sun zo, su sha kunu, su ji yadda aka yi tun daga naƙuda, su samu abin faɗa a gida. Duk wannan ba ya buƙatar ƙirjin Khairiyya. Na ce wa Hajiya mu mayar da barka Sintali, gidan Goggo Uwani, mu haɗa da taron sunan mata da aka ɗaga. Ta ce a wace ƙasa aka taɓa yin barka babu jariri. Na ce a ƙasar da jikanta ya fara rayuwa a kwalba. Ta ce mutane za su ce ta kori baƙi. Na ce ba kora ba ce, tarba ce a gidan da ya fi faɗi, kuma a can ita za ta zauna a tsakiya, ita za ta ba da labarin asibiti daga farko, babu kukan yaro da zai katse ta. Ta yi ɗan tunani ta ce ai dama ɗakin Barade ya yi zafi.

Goggo Uwani ka san ta, ko ɗaurin auren kaji aka ce a yi a gidanta za ta shimfiɗa tabarmi. Ta sa aka share ƙarƙashin mangwaro, aka ɗora tukunyar kunu, aka aika kowace unguwa cewa mai barka ya nufi Sintali. Na buga hoton Abba babba, wanda ya fi shi kansa girma, aka jingine a kan kujera. Da ka ga yadda abin ya tafi, da ka ajiye dabbobinka ka dawo nazarin mutane. Suna zuwa su gaida Hajiya, su ɗaga hoton, su yi gardamar hancin nan dai, su tofa masa addu'a, gilashin har ya yi dishi-dishi. Mai neman haƙora ta duba ba ta gani ba, ta ce ai dama ita ba ta yarda ba. 'Yan kaɗan ne suka tambayi mai jego, aka ce tana hutawa, suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka miƙa kofi a ƙara musu. Labarin Hajiya kuwa kullum ƙara tsawo yake. Ranar farko likita ɗaya ce, jiya na ji sun zama huɗu.

Barade ta yi tsit. Saura ni, da Khairiyya, da yaron, sai maƙwabciyarmu Alisabatu, Maman Noah, wadda ta karɓi dafa ruwan wanka da gasa nama, tana shiga tana fita, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, tana kiran kowa shi, har Hajiya. Tunda babu sauran wanda zan tare, na shigar da kujerata cikin ɗakin, kusa da fanka, na ci gaba da makin takarduna, ina ɗaga kai lokaci-lokaci in tabbatar komai yana tafiya daidai. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Alhamis ta biyu sikeli ya motsa, amma kaɗan. Likitar ta taɓe baki ta ce ya fi babu, amma ba haka take so ba, ta ƙara mana mako guda na ƙarshe. Muka dawo, jaka tana nan a bakin ƙofa. Khairiyya ta ce Baffa ya ce motar za ta zo Litinin.

Ranar Juma'a da la'asar, wato safiyarku, ina zaune ka kira ta da bidiyo. Yaron bai daɗe da kama nono ba, da ƙyar, don bakwaini ba ya kamawa da wuri. Na ji muryarka cike da murna kana cewa ta ɗago shi ka gani, ta kunna fitila ɗakin ya yi duhu, ta juyo da fuskarsa, ta kwance zanen ka ga ko ƙafafun sun yi ƙwari. Ta yi duk abin da ka ce. Da ka kashe, ya ƙi komawa, ya yi barci da yunwa. Na tambaye ta ko kullum haka ne. Ta ce da safenku, da hutun cin abincinku, da kuma idan ka tashi aiki. Na lissafa inda waɗannan lokuta suke faɗowa a agogonmu, na ga na ƙarshen tsakar dare ne, na yi niyyar in kira ka nan take in wanke ka tas. Na fita tsakar gida don in yi hakan, babu layi mai kyau, na dawo ba takalmi, ba ta ji tahowata ba.

Ta gefen labule na gan ta. Ta rungume shi da hannu biyu, ta sa hancinta a tsakiyar kansa, tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa da Fillanci, tana kiransa da wani suna da ban taɓa ji ba. Ya farka, ya kama, yana ja da ƙarfi har kunnensa yana motsi. Fuskar da na gani ban taɓa ganinta ba tun da aka kawo ta gidanmu. Labulen ya motsa, ta gan ni. Nan take waƙar ta mutu, hannu ɗaya ya sauka, ta ja mayafi ta rufe shi, ta mayar da idonta bango kamar ɗan wata aka ba ta riƙo. Yaron ya saki.

Mahadi, shekara nawa ina koyar da kunyar ɗan fari a aji. Ina da lacca guda a kanta, ina sa ta a jarrabawa. A takardun da ke kan cinyata a ranar ma akwai ta. Uwa ba ta nuna son ɗan farinta a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, balle yaron da ke ɗauke da sunan surukinta. Na kwashe mata surukai aji-aji na kai Sintali, na bar mata yayar miji a cikin ɗaki, kusa da fanka, da jan biro.

Jiya da safe na zaunar da ita, na ce yau ba Adda Zakiyya ce take tambaya ba, likitar ce ta aiko ni. Ta yi murmushi don ta san ƙarya ce, amma ƙaryar ta ba ta hanya. Ta ce, kanta a ƙasa, ni ban yi mata komai ba sai alheri, amma idan ina wurin ko kallonsa sosai ba ta iya yi, hannunta da kansa yake sauka. A gaban Maman Noah kuwa babu wannan, don ba ta haɗa komai da Alhaji ba sai katanga. Game da kai ta ce tana son jin muryarka, amma ta yaya mace za ta ce wa mijinta da ke ƙarshen duniya kada ya ga ɗansa? Na ce ita ba za ta iya ba, ni zan iya, tun kana tsumma nake hana ka abubuwa. Sannan na tambaye ta, idan gidan ya zama babu kowa sai ita da shi da Maman Noah a bayan katanga, motar Litinin tana nan? Sai ta ɗauki wayar ta kira Baffanta a gabana, ta ce masa ya bar motar tukuna, za ta zauna kusa da likita. Da ta gama ta dube ni, ta dubi wayar. Na ce ta kashe, laifin a wuyana.

To ga babbar tambayar. Wannan jirgin naku mai kyamara, ita beyar ba ta jin sa? Ka ce kyamarar tana kuskure sau da yawa, dusar ta yi kauri ko iska ta ɓata hoton, sai ku sake zagayowa. Sau nawa kuke zagayowa? Idan kun gano ta, ku masu gadin kuna shiga cikin mil ɗin don ku tabbatar tana lafiya, ko dokar ta hau kanku ku ma? Kuma wanda ya san tana ciki, ya san akwai 'ya'ya, amma ba zai ga komai ba sai farin tudu har wata da watanni, da me yake rarrashin kansa? Ba gatse nake yi ba, ko kuma ba gatse kaɗai ba. Ina so in sani, don tun jiya nake cikin wannan hali, kuma ban iya shi ba.

Ga yadda za a yi. Kada ka kira ta. Ita za ta kunna wayar ta kira ka idan yaron ya ƙoshi ya yi barci, kuma idan ta kira, ka kalli abin da aka nuna maka, kada ka ce a ɗago, kada ka ce a kunna fitila. Idan kewar ta dame ka, ka yi mata saƙon murya, ka iya su, za ta ji lokacin da ta ga dama. Maman Noah za ta riƙa gaya mini abin da ake ciki safe da yamma, ni kuma in gaya maka. Alhamis ita za ta raka su awo. Ban san abin da sikeli zai ce ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ka yi addu'a, wannan ba ta da ƙara.

Hajiya ta dawo kaina, ta ce in tabbatar na sa maganar kunnuwa, kuma angonta ya fi ka kyau. Goggo Uwani tana gaishe ka, ta ce idan ka dawo a gidanta za a yi maka sannu da zuwa. Yaya Auwal da iyalinsa suna gaishe ka. Baffa Sada da Inna Mero daga Lau sun ce a isar maka da gaisuwa da ban gajiya. Ka gaida abokin zamanka Benjamin, ka ce mun gode da yake tashinka sahur a azumin da ya wuce, Allah ya saka masa.

Khairiyya ba ta ba ni saƙo ba, don ban tsaya karɓa ba. Na tattara takarduna, na fitar da kujerar da kaina na mayar da ita falo. Ta rako ni har bakin ɗaki da yaron a ƙirji, ta ce Adda, a sauka lafiya, idonta a ƙasa. Ina taka tsakar gida na ji ta tura ƙofar, na ji sakata ta shiga. Na ɗan tsaya, kunnena yana so ya koma. Maman Noah ta leƙo ta kan katanga da mafici a hannu, ta kaɗa mini shi wajen zaure kamar mai korar kaza. Na ja ƙofar gidan a bayana, na tari keke.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Zakiyya